Hayar Mota a Jidda: Sauƙin Zirga-zirga da Tarar da Ke Bin Baƙo Har Gida

Wanda ya sauka a sabon ginin filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ya rabu da jami'an shige da fice, ya ja akwatinsa zuwa zauren fita, zai yi kiciɓis da ƙaton tankin gilashi mai cike da kifaye, sannan da teburan kamfanonin hayar mota, kowane da ma'aikacinsa a bayan kwamfuta. A da, Bahaushen da ya zo Umara ko sarin kaya ko kallon irin waɗannan tebura ba ya yi. Idonsa na kan wakilin ejan, ko ɗan'uwan da ya zo tarbarsa daga unguwar Karantina, ko ɗan tasin da zai wuce da shi Makka.

Yanzu abin ya soma sauyawa. Sai ka ga magidanci a tsaye, fasfo a hannu ɗaya, katin banki a ɗayan, yara na gyangyaɗi a kan kaya, yana tambayar kuɗin Toyota Yaris ko Hyundai Accent na mako guda. Kafin rabin sa'a an miƙo masa makulli.

Makulli kam ya samu. Saura sanin gari da dokokinsa, kuma a nan ne mutanenmu da dama suke tafka asarar da ba ta cikin lissafin tafiyarsu.

Me ya kawo wannan yayi?

Saudiyya ce da kanta ta buɗe ƙofar. A watan Satumbar 2019 ta fara ba da bizar yawon buɗe ido. A 2022 aka tsawaita zaman mai bizar Umara zuwa kwana 90, aka kuma ba shi damar zagaya sauran garuruwan ƙasar. A shekarar ne kuma aka sauƙaƙa wa kamfanoni yi wa baƙo rajistar tuƙi da lambar shigowa, wato lambar nan da ake ba kowane baƙo a filin jirgi. Mata ma tun 24 ga Yunin 2018 suke tuƙi, don haka hajiyar da ke da lasisinta ba ta da shamaki.

Sai yanayin garin. Jidda birni ne na mutum kusan miliyan 4, ya miƙe a gaɓar Bahar Maliya tun daga kudancin tashar jiragen ruwa har Abhur a arewa, tafiyar kilomita masu yawa. Riyad ta samu jirgin ƙasa na cikin gari a ƙarshen 2024, Jidda kuwa har yanzu mota ce ƙafar kowa. Bas-bas ba sa shiga ko'ina, zafi da gumi ba sa barin mutum ya taka, kuɗin Uber ko Careem kuma in ya taru a mako sai ya ba ka mamaki. Fetur na da sauƙi: tun tsakiyar 2021 gwamnati ta tsayar da litar mai lamba 91 a kan riyal 2.18, mai lamba 95 kuma riyal 2.33. Ƙaramar mota kan kama daga wajen riyal 100 zuwa 150 a yini, gwargwadon lokaci da kamfani.

Akwai wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. Rusau ɗin da aka yi daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya share unguwanni masu yawa a tsakiya da kudancin Jidda, ciki har da Karantina, Sabil, Gulail da Hindawiyya, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka suka daɗe da zama. 'Yan'uwan da suka saba saukar baƙo su zagaya da shi sun watsu, wasu sun koma bayan gari, wasu sun bar ƙasar. Baƙon da ya rasa mai jagora sai ya nemi mota.

Wannan bayani bai shafi maniyyaci mai bizar Hajji ba. Shi zirga-zirgarsa na hannun hukumar alhazai da motocin da aka tanadar masa.

Shiri tun daga gida

Dokar Saudiyya ta yarda baƙo ya yi tuƙi da lasisin ƙasarsa mai rai ko na ƙasa da ƙasa har tsawon shekara guda daga ranar shigowa. Amma doka daban, teburin kamfani daban. Ma'aikaci na iya juya lasisin Najeriya ko na Nijar ya ce bai gamsu ba, kuma ba ka da wurin kai ƙara da tsakar dare. Ka nemi lasisin ƙasa da ƙasa kafin ka taso, ka haɗa shi da na gida. Wanda ke zaune da iƙama kuwa lasisin Saudiyya ake nema a wurinsa.

Yawancin kamfanoni ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba. Suna kuma riƙe wasu kuɗi a katinka a matsayin jingina har sai ka dawo da mota, wani lokaci har bayan dawowar da 'yan makonni. Katin naira na iya ƙin aiki ko ya gaza ɗaukar adadin, saboda haka katin dala ya fi kwanciyar hankali. Ka sayi layin waya na STC, Mobily ko Zain tun a filin jirgi, domin ta waya ake turo lambar tabbatar da yarjejeniya, ta nan kuma taswira za ta yi maka aiki.

Tun 2021 hukumar sufurin ƙasar ta wajabta yarjejeniyar haya iri ɗaya ta intanet ga kamfanoni masu rajista, irin su Theeb, Yelo, Lumi da Budget. Duk wanda ya ce zai ba ka mota a bayan fage, ba takarda, don ta fi araha, ka gode masa ka wuce.

Abu uku za ka tsaya ka fahimta kafin sa hannu. Na farko inshora: akwai wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna kaɗai, akwai cikakkiya da ke ɗauke gyaran motar da kake ciki, ita ma da wani kaso da za ka biya daga aljihunka. Ka tambayi adadin wannan kaso, a rubuta. Na biyu iyakar kilomita: yawancin motoci na da adadin da aka yarje maka a yini, abin da ya haura ana lissafa shi kilomita-kilomita. Na uku sunan direba.

Wannan na ukun shi ne ya fi cin mutanenmu. Kamfani na shigar da sunanka a na'urar hukumar kula da tituna a matsayin wanda aka ba izinin tuƙa motar, abin da suke kira tafwid. Mu kuwa mun saba da "ba ni makulli in je in dawo". Aboki ya karɓa, ƙane ya karɓa, kunya ta hana ka cewa a'a. In wani abu ya faru alhali ba mai izini ne a kan sitiyari ba, inshora na iya zame jikinta, nauyin duka ya dawo kanka. In kun san ku biyu za ku riƙa tuƙi, a sa sunan na biyun tun a tebur.

A wurin ajiye motoci kuma kada gajiyar jirgi ta sa ka yi gaggawa. Ka kunna kyamarar waya ka zagaye motar: bamba, madubai, gilashi, tayoyi, ƙasan ƙofofi. Ka buɗe but ka ga safaya da jak. Ka ɗauki hoton allon kilomita da ma'aunin mai. Duk ƙarzanen da ka gani ka sa a shigar da shi a takarda. Ka kunna na'urar sanyaya mota ka ji ƙarfinta, don a Jidda motar da ba ta sanyi azaba ce.

Sahir ba ya jin roƙo

Direban Kano ko Maraɗi na da abin da zai taimake shi. Hannun dama ake bi a Saudiyya kamar gida (Najeriya ta koma dama tun 1972), sitiyari na hagu, wanda kuma ya saba kutsawa tsakanin 'yan a-daidaita-sahu a Ƙofar Wambai ba ya tsoron cunkoso. Wanda ya yi Islamiyya zai karanta allunan hanya da lambobin Larabci, ko da yake yawancinsu na ɗauke da rubutun boko ma.

Inda aka rabu shi ne wajen hukunci. A gida, in jami'i ya tare ka akwai fuska, akwai gaisuwa, akwai "a yi haƙuri, ranka ya daɗe". A Jidda mai kama ka ba mutum ba ne. Tun 2010 Saudiyya ta kafa tsarin kyamarori mai suna Sahir, a kan danja, a kan gadoji, a gefen manyan hanyoyi, wasu ma a cikin motocin da aka ajiye kamar ba kowa. Walƙiya ɗaya za ka gani, wani lokaci ma ba za ka ga komai ba. Bayan nan sai saƙo.

Ga kimar abin. Keta jar danja riyal 3,000 ne zuwa 6,000, wato fiye da naira miliyan ɗaya a canjin 'yan shekarun nan, kuɗin da ya isa ya rushe kasafin Umarar mutum. Bin hannun da ba naka ba shi ma haka. Riƙe waya ana tuƙi riyal 500 zuwa 900. Rashin ɗaura bel 150 zuwa 300, kuma kyamarar na leƙa na kusa da direba. Gudun wuce ƙa'ida na farawa daga 150 ya haura har 2,000 gwargwadon yadda ka zarce. Ƙaramin yaro a kujerar gaba ko a cinyar uwarsa shi ma laifi ne, don haka mai jariri ya nemi kujerar yara tun a kamfani.

Tarar na bin sunanka da lambar shigowarka. Kamfani na iya cire ta daga kuɗin jingina, kuma sau da yawa mutum ya riga ya koma gida, yana raba dabino da zamzam, sannan saƙon banki ya shigo. Wadda ba a biya ba tana nan a na'ura tana jiran dawowarka.

Mutum na iya jin haushin wannan tsauri, amma sakamakonsa a fili yake. A 2016 sama da mutum 9,000 ne suka mutu a haɗurran mota a Saudiyya. Cikin shekaru shida zuwa bakwai adadin ya ragu da kusan rabi. Duk wanda ya san abin da hanyar Kano zuwa Zariya ko ta Funtuwa zuwa Gusau ta ci na rayuka ba zai raina wannan ba.

Dabarar kauce wa Sahir ɗaya ce. Koriyar danja ta soma ƙiftawa, ka sassauta, kada ka ƙara wuta, ko da na bayanka zai cika gari da oda. Ka tsaya kafin farin layi. Waya kuma ka maƙala ta a mariƙinta, ka saita inda za ka kafin ka tashi.

Halin titin Jidda

Garin ba shi da wuyar ganewa in ka riƙe cewa teku na yamma. Manyan hanyoyi na tafiya daga kudu zuwa arewa: Kornish a bakin ruwa, titin Sarki Abdul'aziz, titin Madina a tsakiya, sai babbar hanyar Haramaini a gabas. Masu ratsa su daga gabas zuwa yamma sun haɗa da Falasɗinu, Tahliya, Sari da Hira.

Sai dai titi ɗaya na iya zama da suna biyu. Taswira za ta ce maka titin Sarki Fahad, mutumin gari ya ce Sittin. Ta ce Yarima Majid, ya ce Saba'in. Ta ce Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, kowa kuwa Tahliya ya sani. Kwatance ma da shataletale ake yi, musamman masu gumakan ado da aka kafa zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farisi a shekarun 1970 da 1980, kamar na Keke da na Ƙwallon Duniya. Mafi sauƙi, ka ce wa mai masaukinka ya turo maka wurin ta WhatsApp.

Manyan titunan na da ƙaramar hanya a gefe wadda shaguna da gidajen mai ke kanta. In ka wuce mashigarta, ko ka hau gadar sama alhali ƙasa ya kamata ka bi, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka samu wurin juyowa. Ka haƙura ka yi tafiyar. Ja da baya a babbar hanya ko yanko layi uku lokaci ɗaya shi ne ke jawo karo.

Za ka ga masu yin hakan, kuma ba kowa ke ba da sigina ba. Layin hagu na masu sauri ne. In ka ga babbar jif ta manne maka a baya tana watsa fitila, ba faɗa take nema ba, hanya take so. Ka ba da sigina ka koma dama. Layin tsakiya ya fi dacewa da baƙo.

Safiyar Juma'a gari fayau yake, ita ce lokacin koyon hanya. Daren Alhamis da na Juma'a kuwa Kornish da Tahliya sukan cushe har tsakar dare. A watan azumi rabin sa'ar da ke kafin magariba ita ce mafi haɗari, kowa na sauri da yunwa, bayan tarawihi kuma gari ya sake cika har sahur. Tsohon gari, wato Balad, da kasuwannin Bab Makka da Bab Sharif na da ƙarancin wurin ajiye mota. Ka biya kuɗin fakin, don motar da aka ajiye a inda bai dace ba janye ta ake yi.

Ruwan sama ba abin wasa ba ne a nan

Ruwa ba ya yawan sauka a Jidda, amma ran da ya sauka da ƙarfi, daga duwatsun gabas yake gangarowa ya nufi teku ta cikin gari. Ranar 25 ga Nuwambar 2009, ana shirin hawan Arfa, ambaliya ta kashe mutum sama da 100, da dama a cikin motocinsu. An sake yi a Janairun 2011. A 24 ga Nuwambar 2022 ma ruwan sa'o'i shida ya tara motoci kan juna a wasu unguwanni. An gina madatsu da magudanai tun daga lokacin, duk da haka gadojin ƙasa kan cika cikin mintuna. Daga Nuwamba zuwa Janairu, in saƙon gargaɗi ya shigo wayarka ko ka ji an rufe makarantu, ka bar mota inda take. Kutsawa cikin kwari yana ambaliya ma laifi ne mai tarar dubban riyal.

In tsautsayi ya gitta

A gida, in aka yi ƙaramin karo, mutane kan taru, a yi ciniki, a tafi wurin mai gyaran jiki a sasanta. Kada ka gwada wannan da motar kamfani. Ba rahoto, ba inshora. Garejin gyara ma ba ya taɓa motar da ta yi haɗari sai da takardar izini.

In ba wanda ya ji rauni, ka ɗauki hotunan motocin yadda suke, da lambobinsu, sannan ka kira kamfanin Najm ko ka shigar da rahoto ta manhajarsa. Shi ne ke tantance ƙananan haɗurra a madadin kamfanonin inshora, ya raba laifi kashi-kashi: 100, 75, 50, 25 ko babu. Ka sanar da kamfanin da ya ba ka mota nan take. In akwai rauni, 911 ke aiki a Jidda da Makka, 997 na motar asibiti ne, 993 na 'yan sandan hanya. Motoci kaɗai za ka ɗauka a hoto. Ɗaukar fuskokin mutane, balle mata, ko watsa su a Facebook na iya zama wata shari'ar.

Kada ka gudu, kada ka sa hannu a takardar Larabcin da ba ka fahimta ba. In an yi rashin rai, maganar diyya ce, wadda aka ƙayyade a kan riyal 300,000 ga kisan kuskure, kuma ana iya hana mutum fita ƙasar sai an kammala. Inshora mai kyau ce ke tsaya maka a irin wannan rana, ita ma tana iya juyowa kanka in an tabbatar ka keta danja ko ka bi hannun da ba naka ba. Najeriya da Nijar duka na da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, ka riƙe lambarsu.

Makka, Madina da Ɗa'ifa

Makka na da nisan kilomita 80 ko ƙasa da haka, hanya shimfiɗaɗɗiya, da shingen bincike a Shumaisi. Zuwan ba wuya, ajiye motar ce wuya. Kusa da Harami wurin fakin kaɗan ne kuma da tsada, a Ramadan ma akan tsayar da ƙananan motoci a filaye irin na Kudai a kwashi mutane da bas. Jirgin ƙasa na Haramaini, da ya fara aiki a 2018, na kai mutum Makka daga tashar Sulaimaniyya cikin kusan rabin sa'a, Madina kuma cikin sa'a biyu.

In lokacin Hajji ya gabato ana rufe Makka ga duk wanda ba shi da izini. A 2025 tarar mai yunƙurin shiga ta kai riyal 20,000, ta wanda ya ɗauko shi kuma har 100,000, ga yiwuwar ƙwace mota. Ko a sauran watanni, ɗaukar fasinja don kuɗi ba tare da lasisin sana'ar ba laifi ne da ake farauta, musamman a filin jirgi. Wanda ke tunanin ya ɗebi 'yan'uwa ya mayar da kuɗin haya ya sake tunani.

Madina ta haura kilomita 400. Hanyar Hijira da ke kaiwa can na da faɗi, an yarda da gudun 140 a wasu sassanta, kuma babban abokin gaba a kanta barci ne. Mutum ya kwana a jirgi, ya yi ɗawafi da sa'ayi, ya ce zai kama hanya da dare don ya samu asuba a Masallacin Annabi. Niyya mai kyau ce, amma jiki na da haƙƙinsa. A Oktoban 2019 haɗarin bas a wannan hanya ya kashe mutum 35. Ka yi barci tukuna, ka tafi da rana, ka tsaya a gidajen mai. Ka kuma tuna zuwa da dawowa zai cinye kilomitocin kwana uku ko huɗu na yarjejeniyarka.

Ɗa'ifa ce inda mota ke biyan kuɗinta. Hanyar Hada na hawa dutse da kwana-kwana, ga birai a gefe, ga sanyi a sama. Wajen saukowa ka sa ƙaramar giya, kada ka dogara da birki kaɗai har ya yi zafi. Akan rufe ta saboda hazo ko ruwa, sai a bi ta Sail.

Wa ya kamata ya ɗauka?

Masu goyon baya, galibi matasa da masu zuwa da iyali, na ganin mutum biyar a mota ɗaya sun fi samun sauƙi a kan tikiti biyar, ga dattijuwa ba ta sha wahalar hawa da sauka ba, ga damar zuwa asibiti, kasuwa da bakin teku a yini guda. 'Yan kasuwa masu sarin abaya da turare kuma na son ta don kwasar kaya zuwa wurin masu aunawa.

Da yawa daga Hausawan da suka daɗe a garin ba su cika ƙarfafa wa baƙo gwiwa ba. Hujjarsu ita ce tara ɗaya ta danja ta fi kuɗin tasi na wata guda, kuma wanda ya zo ibada bai kamata ya kwana da tunanin fakin ba.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma ga inda na tsaya. Wanda ya zo Umarar kwana goma tsakanin Makka da Madina ba ya bukatar mota, jirgin ƙasa da tasi sun ishe shi. Wanda zai yi kwanaki a Jidda da iyali, ko zai leƙa Ɗa'ifa da Yanbu, yana da lasisi na gaskiya da katin da zai ɗauki jingina, ya ɗauka, amma ba a daren da ya sauka ba. Ya kwana, ya huta, ya karɓa da safe.

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano, Katsina, Sakkwato da Maraɗi, da malaman da ke yi wa masu Umara bita, su ƙara wannan babi a cikin abin da suke koyarwa. Kai kuma mai niyyar tafiya, kafin ka bar teburin kamfani ka tabbata an rubuta maka abu uku: nau'in inshorarka, kilomita nawa aka yarje maka, da sunan duk wanda zai taɓa sitiyari.